Babi na Huɗu: Idan Giwa Ta Ci Gona, Wa Zai Biya?

Duk wanda ya zauna da manoma a ƙauyukan da ke kewaye da Collire a ƙarshen damina zai ji wannan tambaya, ko da Fulatanci, ko da Hausa, ko da Faransanci: idan na kashe giwa za a ɗaure ni, to idan giwa ta cinye mini gona, wa zai biya ni? Masu yin tambayar mutane ne da suka yi sharar gona tun bazara, suka ci bashin taki, suka yi noman fari da maimai, sai a dare ɗaya garken giwaye ya bi ta kan masarar da saura sati biyu a karye ta. Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci a amsa ta dalla-dalla. Amma kafin a kai ga batun biya, sai an san yadda aka yi gari da giwa suka zama maƙwabta.

Gari a tsakiyar gandu

Collire, wanda ake rubutawa Tcholliré a allunan hanya, shi ne hedikwatar gundumar Mayo-Rey a Jihar Arewa ta Kamaru, kimanin kilomita 200 daga Garwa ta kudu maso gabas. Mai zuwa daga Garwa yakan bi babban titin Ngaundere har mararrabar Gijiba, sannan ya karya hagu ya nufi gabas. Daga nan hanya ta bi ta gefen gandun dajin Binuwai, ta haye kogin, kuma da wuya matafiyi ya wuce bai ga gwaggon birai zaune a bakin hanya suna kallon motoci ba. Idan ya zarce Collire ya kai ƙauyen Kum, ya iso ƙofar wani gandun, wato Buba Njidda.

Gandun Binuwai yana da faɗin hekta 180,000, na Buba Njidda kuma hekta 220,000. Dukansu biyu a 1968 aka ɗaga su zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, ko da yake tun zamanin mulkin Faransa aka keɓe su. Can yamma, kusa da iyakar Najeriya, akwai na uku, gandun Faro, mai hekta 330,000, wanda aka kafa a 1980. Tsakanin waɗannan ukun kuma gwamnati ta yanka daji gunduwa-gunduwa ta mai da shi yankunan farauta, waɗanda ake kira ZIC a takardu, kowanne da lambarsa. Ana ba da su haya ga kamfanonin farauta, su kuma su kawo baƙi masu kuɗi daga Turai da Amurka da rani, su biya maƙudan kuɗi don harbin ɓauna ko gwanki ko wata babbar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da girman bijimi da ake kira eland ɗin Derby. Idan aka haɗa gandayen da yankunan farautar, sun cinye kusan kashi 44 cikin 100 na ƙasar Jihar Arewa baki ɗaya.

Ke nan mutumin Collire, ko ta wace kusurwa ya fita daga gari, ba zai yi nisa ba zai taka ƙasar da doka ta ce ta dabba ce. Ga kuma wani iko da ya girmi na gwamnati: masarautar Rai Buba, wadda Arɗo Buba Njidda ya kafa a 1804, wanda sunansa ne gandun ya ci. Har gobe ba a kafa ƙauye ko a buɗe sabon daji a ƙasar Rai ba tare da sanin fada ba, kuma maganar dogarin lamiɗo tana da nauyi a kowane ƙauye. Duk wani shiri na namun daji da ya tsallake fada a wannan yanki, a takarda zai tsaya.

Wa ya iske wani?

Tsofaffin mazauna yankin, irin su Dii da Mbum da Fulani, ba su da yawa idan aka gwada da faɗin ƙasar. Abin ya fara canzawa a shekarun 1970, lokacin da fari ya matsa wa yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, gwamnati kuma ta shirya ƙaurar da manoma daga duwatsun Mandara da filayen Marwa zuwa kwarin Binuwai, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙasa kuma ba ta gaji ba. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, wanda ya buɗe hanyoyi, ya ba da iri da taki bashi, ya kuma tabbatar wa manomi da mai saye. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo, wadda mutanen Najeriya suka fi sani da ambaliyar da ke biyo bayan sakin ruwanta, tafkinta kuma ya jawo masunta daga nesa. Bayan waɗannan sai ga masu haƙar zinariya a bakin koramu, har cikin gandun kansa. Sai ga makiyaya daga Cadi da Najeriya suna gangarowa da rani. Daga 2014 kuma rikicin Boko Haram ya ƙara turo mutane kudu.

Kowane baƙo gona yake nema, kuma inda ya fi sauƙin samu shi ne bakin hanya da bakin ruwa. A nan matsalar take. Giwa ba ta zaman wuri ɗaya. Babba takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace har kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100, don haka dole ta yi ta tafiya tsakanin makiyaya da mashaya. Garke yana da hanyoyinsa da ya gada, tsohuwar giwa ce ke ja gaba, kuma abin da uwarta ta nuna mata shi take nuna wa ’ya’yanta. Hanyar giwa tamkar burtali ce: idan aka noma burtali, shanu ba za su fasa zuwa mashaya ba, sai dai su bi ta cikin gonar. Ƙauyukan da suka jeru a kan titin Garwa zuwa Ngaundere, da waɗanda ke kan hanyar Gijiba zuwa Collire, da yawansu sun zauna ne a kan mahaɗar da ke sada gandun Faro da na Binuwai da na Buba Njidda. An shata wasu wurare an ce mashigar dabbobi ce, kada a noma, amma mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa ba ya ganin dalilin barin ƙasa mai kyau a banza saboda dabbar da ke wucewa sau biyu a shekara.

Wannan bai tsaya ga ƙauye ba. A watan Mayun 2023 wasu giwaye sun kutsa har cikin unguwannin Marwa, babban birnin Arewa Mai Nisa, jama’a suka yi ta bin su da ihu da ɗaukar hoto, har aka yi asarar ran wani yaro kafin a samu a kore su. Gari ya faɗaɗa, ruwan daji ya ƙafe, hanya ta toshe. Abin da ya faru a Marwa zai iya faruwa a kowane gari da ke girma a bakin daji.

Ɓarnar da ba ta shiga rediyo

Giwa ce ke shiga labarai, amma tambayi matar da ke da gonar gyaɗa a bayan gari wace dabba ce ta fi damun ta, sau da yawa za ta ce gwaggon biri. Wasu masana biyu ’yan Kamaru, Robert Weladji da Martin Tchamba, sun bi ƙauyukan da ke kewaye da gandun Binuwai gida-gida, suka wallafa sakamakonsu a 2003. Sun iske kashi 86 cikin 100 na gidajen da suka tambaya sun yi asarar amfanin gona saboda namun daji, kuma a matsakaici abin da ake rasawa ya kai kashi 31 cikin 100 na kuɗin da gona ke kawowa. Dabbobi biyar ne suka yi kusan dukkan ɓarnar: giwa, gwaggon biri, jan biri, mugun dawa da aku. A ɓangaren dabbobin gida kuwa, wanda ya fi yin ta’adi shi ne tunkun jibda, mai shiga akurki da dare ya kwashe kaji.

Kashi 31 ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ko a shekara mai albarka hatsinsa da ƙyar yake kai shi sabuwar kaka. Kuma akwai asarar da ba a aunawa da buhu. Gwaggon biri da rana yake zuwa, a garke, kuma yana da wayo. Wasu su hau itace suna leƙe, sauran su faɗa gona, su ɓalle masara su gatsa sau ɗaya su yar, su ɓalle wata. Yakan gane bambancin namiji mai sanda da mace ko yaro, yana gudun na farko, yana raina na biyu. To wa ake turawa gadi tun daga fitar bunu har girbi? Yara. Kuma a Kamaru a farkon Satumba ake komawa makaranta, daidai lokacin da masara ke nuna. Malaman firamare na ƙauyukan bakin gandu sun san abin da ke rage musu ɗalibai a makonnin farko na zango.

Da dare kuma aikin na maza ne. A kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a hura wuta a kusurwoyi, a rataya gwangwanaye da duwatsu a ciki a jikin igiya, mutum ya kwana zaune da tocila da tsohuwar garwa yana bugawa. Giwa duk girmanta ba ta da ƙarar tafiya. Abin da mai gadi ke fara ji shi ne ƙarar karan da ake karyawa, da wani gurnani mai zurfi kamar daga ƙarƙashin ƙasa. A lokacin zai tashi maƙwabta, a yi ta ihu da jifa da bakin wuta. Wani lokaci garken ya juya. Wani lokaci kuma, musamman idan akwai ’ya’ya ƙanana a ciki, uwar ta buɗe kunnuwa ta yo kan mutane. Mai gadin nan sauro ya cije shi dare bayan dare, zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar kaka, kuma ba wanda zai rubuta wannan a cikin lissafin ɓarnar giwa.

Abin da doka ta tanada

Shekaru talatin, dokar da ke tafiyar da wannan al’amari ita ce ta 20 ga Janairun 1994 kan daji da namun daji da kamun kifi. Ta raba dabbobi rukuni uku, A da B da C. Na rukunin A, irin su zaki da raƙumin dawa, suna da cikakkiyar kariya. Dokar ba ta hana mutum kare kansa ba: ta ce ba za a hukunta wanda ya kashe dabba mai kariya don ceton ransa ko dabbobinsa ko gonarsa ba, muddin ya kawo hujja ga jami’in namun daji mafi kusa cikin awa 72. Ta kuma ba hukuma damar shirya kora ko harbin dabbar da ta zama barazana.

A takarda wannan ya yi daidai. A ƙasa kuwa, dubi abin da ake nema daga manomi. Yana ƙauyen da hanyarsa ke yankewa da damina. Zai je wurin jauro, jauro ya kai maganar gaba, a rubuta takarda da Faransanci zuwa ofishin gunduma, a jira jami’in gona da na daji su samu man babur su zo su ga ɓarna. Kafin su iso, garken ya yi nisa, sawun ya baje da ruwan sama. Idan an yi sa’a a rubuta rahoto. Dokar ta 1994 ba ta kafa wani asusu da zai mai da rahoton nan ya zama buhun masara a ƙofar gidan mai gona ba. Shi ya sa mutane da yawa suka daina kai ƙara, kuma shi ya sa za ka ji suna cewa “dabbobinsu”, suna nufin na gwamnati da Turawa. A Yulin 2024 Kamaru ta yi sabuwar dokar daji da namun daji da ta maye gurbin waccan. Ma’aunin da manomin Mayo-Rey zai auna ta da shi guda ɗaya ne: idan an ci masa gona bana, me zai shigo hannunsa kafin baɗi?

Akwai hanyar da aka ce kuɗi zai riƙa bi ya kai ga jama’a. Harajin hayar yankunan farauta ana raba shi uku: kashi 50 na baitulmalin ƙasa, kashi 40 na ƙaramar hukuma, kashi 10 na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da yankin. Da wannan kuɗi an gina ajujuwa an haƙa rijiyoyi a wasu wurare, kuma ba na raina hakan. Sai dai rijiya ta kowa ce, ɓarna kuwa ta mutum ɗaya ce. Mai shago a tsakiyar gari da wanda gonarsa ke bakin gandu duk suna shan ruwan rijiyar, amma ɗaya ne kawai ya kwana a kan rumfa. Muddin rabon bai bambanta tsakaninsu ba, na bakin gandu zai ci gaba da ganin shi ke biyan kuɗin ajiye giwa a madadin duniya.

Ranin 2012

Abin da wannan ɓacin rai ke haifarwa ya fito fili a farkon 2012. A watannin Janairu da Fabrairu wasu mahaya dawaki ɗauke da bindigogin yaƙi, waɗanda aka ce daga Sudan suka fito ta cikin Cadi, suka shiga gandun Buba Njidda. Sun yi makonni suna bin garke-garke suna harbewa, manya da ƙanana, suna sare haure suna barin gawa. Masu gadin gandun ’yan kaɗan ne, makamansu kuma tsofaffi. Sai a watan Maris gwamnati ta tura sojojin rundunar BIR. Ƙiyasin ƙungiyoyin kare namun daji ya kama daga giwa 200 har zuwa sama da 600. Ko wanne aka ɗauka, babban kaso ne na giwayen gandun, kuma dabbar da ke ɗaukar ciki wata 22 ta haifi ɗa guda ba ta mayar da irin wannan asara a shekara goma.

Duniya ta yi maganar haure da kasuwarsa a Asiya, kuma gaskiya ne can kuɗin yake. Amma akwai wani ɓangare da rahotannin lokacin suka ambata wanda ya fi tsaya mini a rai. Maharan sun bar nama, mutanen wasu ƙauyuka suka je suka ɗiba, har aka riƙa ganin naman giwa a bakin hanya. Wasu kuma ba su ɓoye jin daɗinsu ba cewa an rage musu masu cin gona. Ba zan ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. Mutumin da ba shi da ko bindigar toka ba zai tari mahaya masu manyan bindigogi ba, kuma tsoro kaɗai ya isa ya rufe bakin kowa. Amma ayarin dawaki ba ya ratsa ƙasa a ɓoye. Da a ce mutanen ƙauyukan nan suna ganin giwa a matsayin dukiyar da suke da rabo a cikinta, kuma suna da lambar wayar wani jami’in da suka saba ganin yana amsa kiransu idan an ci musu gona, da labari ya isa Collire da Garwa da wuri.

Tun daga lokacin an ƙara tsaro. Sojoji suna zama a yankin, kuma aikin yana cin rayuka: a Fabrairun 2018 an kashe sojoji shida da ’yan rakiya biyu a wani artabu da mafarauta a Buba Njidda. Kamaru da Cadi kuma suna da yarjejeniya tun 2011 ta haɗa kula da Buba Njidda da gandun Sena Ura da ke tsallaken iyaka, domin giwa ba ta san inda ƙasa ɗaya ta ƙare ba. Wannan yanki ya riga ya ɗanɗana rashi na har abada. A nan ne baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. Binciken da aka yi a 2006 bai samu ko ɗaya ba, a 2011 kuma aka bayyana cewa ta ƙare.

Dorina a ƙarƙashin gada

A Garwa maƙwabciyar ita ce dorina. Da rani, idan Binuwai ya ja baya ya bar yashi da gurabe masu zurfi, ana ganin kawunansu daga kan gada. An ma taɓa samun wata da aka raɗa wa suna Afrika, wadda ta saba da mutane har baƙi ke zuwa kallon yadda ake ba ta abinci da hannu. Abin sha’awa ne, amma bai kamata ya ruɗi kowa ba. Dorina da rana take kwanciya a ruwa, da dare ta fito kiwo, ta bi turbarta ta yi tafiyar kilomitoci, ta ci ciyawa kusan kilo 40 kafin asuba. Bakin kogin da take kiwo a da, yanzu lambunan albasa ne da masara da shinkafa da masakwa. Masu ɗibar yashi da masu wanki da masunta kuma da sassafe suke sauka, daidai lokacin da take komawa. Hatsarin ya fi yawa idan mutum ya shiga tsakaninta da ruwa, ko kwalekwale ya ratsa tsakanin uwa da ɗanta.

Abin da ya sa na kawo dorina shi ne maganinta ya fi na giwa sauƙi. Gajerun ƙafafu gare ta, ba ta tsallake rami mai zurfi ko katanga mai ƙarfi. Turbarta kuma a bayyane take, kowane masunci ya san ta. Idan hukumar gari ta bar wani yanki na bakin kogi ba a noma ba, aka kewaye lambunan da ke kusa da rami, aka sa alama a mashigar da take bi, an rage rabin rigimar. Garwa kuwa ba ta rasa masana. Tun 1970 take da Makarantar Namun Daji, wadda ta horar da jami’an gandu daga ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci. Ilimin da ake koyarwa a ajujuwanta yana da amfani a bakin kogin garin.

Abin da ake iya yi tun yanzu

Babu dabara ɗaya da ke korar giwa har abada, domin tana koyo. Ƙarar garwa da ta firgita ta bara, bana za ta wuce ta gefenta. Abin da ke aiki shi ne a haɗa dabaru a riƙa sauya su. Barkono yana cikin waɗanda aka gwada a ƙasashe da yawa. A daka busasshen barkono mai zafi, a kwaɓa da kashin shanu ko na giwar kanta, a yi curi a shanya, da dare a ɗora a kan garwashi ta ɓangaren da iska ke kaɗawa zuwa daji. Hayaƙin yana shiga hancinta, wanda ke da tsananin jin wari. Wasu kuma sukan cuɗa barkonon da baƙin mai su shafa a igiya da tsummoki su kewaye gona, sai dai ruwan sama na wanke shi, dole a riƙa sabuntawa.

A Kenya wata masaniya mai suna Lucy King ta nuna cewa giwa na tsoron zuma. Aka riƙa rataya amya a jikin turaku kewaye da gona, a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar amya ta girgiza, ƙudan zuma su fito. A gwajin da aka yi a can, mafi yawan giwayen da suka tunkari irin wannan shinge sun juya. Wannan ya dace da yankinmu, domin kiwon zuma tsohuwar sana’a ce a tudun Adamawa da ke kudu da Collire, kuma manomi zai samu zumar sayarwa. Sharaɗinsa shi ne amya ta kasance da ƙuda a ciki, su kuwa sukan gudu idan rani ya tsananta ba ruwa kusa.

A cikin gari kuwa, yawancin abin da ke jawo dabba mu ne ke ajiye shi. Juji a buɗe a bayan kasuwa, ragowar yanka a bayan kwata, da direban da ke jefa wa gwaggon biri ayaba ta taga don fasinjoji su yi dariya. Birin da ya koyi cewa hannun mutum na ba da abinci, gobe zai ƙwace, jibi ya ciji yaro, daga nan sai a nemi a harbe shi. Rufe juji da gyaran kwata aikin magajin gari ne, kuma ba ya buƙatar tallafi daga waje.

Amma duk waɗannan rage ɓarna suke yi, ba sa kawar da ita, don haka tambayar farko tana nan. Amsar da na gamsu da ita ita ce, wanda ke cin amfanin dabbar shi ya kamata ya biya: baitulmalin da ke karɓar harajin farauta, kamfanin da ke kawo baƙi, da ƙungiyoyin duniya da ke son giwa ta rayu. A ware wani kaso na kuɗin haya a ajiye shi a matakin ƙaramar hukuma. A kafa ƙaramin kwamiti a kowane ƙauye, da jauro da wakilin fada da jami’in gona da mace ɗaya aƙalla, su ga ɓarna cikin kwana biyu su ɗauki hoto da waya. A biya da hatsi ko iri kafin shuka ta gaba. A kuma gindaya sharaɗi: wanda ya yi gona a cikin mashigar da aka shata bayan an gargaɗe shi, ba shi da rabo. Za a samu masu ƙara gishiri, za a samu masu son cin kuɗin, kamar kowane asusu. Duk da haka ya fi halin da ake ciki, inda mai gaskiya da maƙaryaci duk ba sa samun komai.

Makamancin wannan ya yi aiki a Nijar. Raƙuman dawan Kure, gabas da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a 1996. Suna cin waken manoma da mangwaronsu, amma da aka haɗa tsaro da rijiyoyi da ƙananan basussuka da aikin rakiyar baƙi ga mutanen ƙauyukan, adadinsu ya haura 600. Giwa ta fi raƙumin dawa ɓarna nesa ba kusa ba, don haka kuɗin da za a kashe a Mayo-Rey zai fi haka yawa.

Duk wannan bayani ta fuskar manomi aka yi shi. Akwai wani mutum da ke shiga dajin nan fiye da manomi, yana kwana a cikinsa da iyalinsa da dukiyarsa, wato makiyayin da ke gangarowa da shanu kowane rani. Rigimarsa da zaki da kura ce, kuma makamin da wasu ke ɗauka shi ne gubar da ake barbaɗa wa mushe, wadda ke kashe zaki da ungulu da dila a zama ɗaya. A babi na gaba za mu bi sawun garken shanu daga iyakar Cadi zuwa kwarin Faro, mu ga yadda wasu Fulani suka karɓi aikin shiga ruga-ruga suna sasanta ’yan’uwansu da masu gadin gandu.